Yau Gaisuwa Muka Zo

Innata, Hajiya Batulu, ba ta taɓa ganin mahaifinta ba. Tana cikin ciki ya fita da jakinsa, da wani Bature a kai, ya ce wa matarsa Kubura ba zai daɗe ba. Daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Da wannan labari aka yaye mu, mu 'ya'yanta, har na iya shi kamar karatun allo, kuma ba zan ɓoye ba, akwai lokacin da ya ishe ni.

Zamanin Yaƙin Hitila ne. Turawa suna kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi, su harhaɗa su a can, sannan samari su tuƙo su ta Kano da Maiduguri har Masar. Ɗaya daga cikin jiragen injinsa ya mutu a sama, ya sauko da ciki a gonar gero bayan ƙauyenmu, Kafin Goriba, yana jan ƙasa har ya daki wani gawo. Mutum uku ne a ciki. Matuƙin ya cika nan take, na biyu ƙafafunsa suka kakkarye, na uku hannu ne kawai ya karye. Shi ne ya yi ta nuni har mai gari ya gane yana son a kai shi inda jirgin ƙasa yake, ya buga waya a kawo agaji. Kakana Maharazu falke ne, ya san hanyar Nguru ciki da bai, don haka shi aka zaɓa.

Bayan kwanaki mota ta zo da sojoji. Suka ɗauki mai karaya, suka tono gawar, suka kwance abin da za su kwance a jikin jirgin, suka tafi. Maharazu ba ya cikinsu. An tambayi tafintansu, ya ce shi bai san wani mai jaki ba. 'Yan'uwa suka bi hanya har Nguru, ba gawa ba kabari. Can sai wani ya ce ya ga jakin a kasuwa, a hannun baƙo. Shi ke nan bakin mutane ya buɗe: ai sayar da jakin ya yi ya bi Turawa aikin soja, ai an gan shi a Kano da kaki, ai dama zaman ƙauye ya ishe shi. Kubura ta rasa ko takaba za ta shiga ko jira za ta yi. Ta jira har alƙali ya raba auren, ta sake aure, Inna ta tashi agola a gidan wani. In faɗa ya haɗa ta da yara a bakin rijiya, gorin da ake yi mata ke nan, 'yar wanda ya gudu.

Abin da take son sani bai wuce guda ba. Mutuwa ce ta tare shi a hanya, ko kuwa da ƙafarsa ya bar su? Ta yi aure, ta haihu, ta je Makka, ta aurar da mu, ta binne mahaifinmu, tambayar tana nan inda take.

Ta haura saba'in lokacin da muka ɗauko ta zuwa Manchester a yi mata aikin ido. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, ko in ce shekarun da gwamnati ta tsuke aljihun talaka ta bar nata. An rufe laburaren unguwarmu a Old Trafford, an rage motocin safa, a kantin maganin da nake aiki mu uku ne aka mai da mu biyu, aikin kuwa bai san an rage kowa ba. Ni Zinatu dama ba a san ni da haƙuri ba, to a shekarun nan ko ƙuda ya sauka a kaina sai ya ji magana. Mijina Salihu, injiniya, ya koyi shiga gida da sanɗa. Inna kuwa ba ruwanta. Ido ya buɗe, ta sami ƙawa, maƙwabciyarmu Anti Clara, tsohuwar nas 'yar Kafanchan, suna wuni a kicin suna gyaran kuɓewa suna kushe tumatirin Ingila.

Wata ranar Laraba ina bakin aiki Kaneng ta kira ni. Kaneng 'yar Jos ce, ɗaki ɗaya muka zauna a jami'a a Zariya, ta fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba, amma ƙasar nan ta mai da ita mai kula da tsofaffi a wani gida a Small Heath, can Birmingham.

"Zee, kina zaune? In ba kya zaune, zauna," in ji ta. "Akwai wani resident da aka kawo mana last month, Mr Tranter, ninety-two. Ina gyara masa gado ina mita da Hausa ni kaɗai, kawai sai na ji ya ce sannu. Na kusa faɗuwa."

Na ce mata Turawan da suka yi aiki a Arewa ai suna da yawa, ni kuma ga layi a gabana.

"Ki bari in gama, uwar gaggawa. Akwai hoto a gefen gadonsa, jirgi kwance a gona. Ya ce shi ne wireless operator, mai kula da rediyon jirgin. Ya ce north of Nguru suka faɗi, wani mutum ya ɗauke shi a jaki. Zee, ya faɗi sunan. Maharazu. Ba labarin da kika dame mu da shi a hostel ba ke nan?"

Na tambaye ta me ya ce ya sami mutumin.

"Na tambaya. Ya ce ko matarsa bai taɓa faɗa wa ba har ta mutu. Ya ce in mutumin yana da family, su kaɗai zai faɗa wa. Na ce masa yana da 'ya, tana Manchester yanzu haka. Zee, tsohon nan ya kasa cin lunch."

Da na koma gida na tarar da Inna tana yankan albasa. Na faɗa mata a tsaye, ko jaka ban ajiye ba. Ta ajiye wuƙar, ta wanke hannu, ta goge a zani, ta zauna. Abin da ta fara faɗa shi ne kada kowa ya tambaye shi a madadinta, ko ni ko Kaneng, da kunnenta za ta ji. Sannan ta sa aka fita da ita kasuwa. Ta sayi bargo mai laushi, da dabino, da turare, ranar Asabar kuma ta tashi da wuri ta dama kunun gyaɗa ta cika fulas.

A jirgin ƙasa na fara yi mata bita. Na ce lokacin ziyara kaɗan ne, tsohon kuma yana saurin gajiya, gara mu shiga magana kai tsaye.

Ta dube ni ta saman sabon tabaraunta. "Ke kike kai ni ko ni nake kai ki?"

"Ni nake kai ki mana, Inna, ni na sayi ticket."

"To ki riƙe tikitinki. Baki kawai na ara a wurinki. Abin da na faɗa shi za ki faɗa masa, ba ƙari ba ragi. Kin ji ni?"

Na ce na ji. Uwa ce, me zan ce?

Daga tasha muka hau safa zuwa Small Heath, muka wuce shagunan nama da masallatai, Inna tana cewa ashe nan ma gari ne. Gidan tsofaffin yana ƙarshen wani layi, tsohon gini mai warin dafaffen kabeji da maganin goge ƙasa. Wata tsohuwa tana ta danna ƙararrawa a ɗakinta ba mai zuwa, don Kaneng ce kaɗai a duk benen. Ta rungume ni, ta durƙusa ta gai da Inna, ta ce tun safe tsohon ya sa aka yi masa aski.

Wilfred Tranter yana zaune a keken guragu kusa da taga, ɗan firit, sanye da kwat mai ruwan bula da laktaye, ga robar iska a hancinsa. Da ya ga Inna sai ya dafa hannun keken ya fara ƙoƙarin miƙewa. Kaneng ta ce ya zauna, ya ƙi. Ya miƙe da ƙyar, yana rawa, ya tsaya yana kallonta. Ya ce wani abu a hankali, na fassara mata: haka Maharazu yake riƙe kansa, in ji shi, kamar yana sauraron wani abu daga nesa.

Inna, da gwiwoyin nan nata da take kuka da su kullum, ta durƙusa har ƙasa.

"Ki ce masa ina wuni."

Na faɗa.

"Ina gajiya. Yaya jiki. Yaya aka ji da sanyi. Yaya iyali."

Ya ce matarsa ta rasu shekaru da yawa, ba su haihu ba. Inna ta yi masa ta'aziyya cikakkiya, kamar jiya aka yi rasuwar, ta tambayi ciwon da ya ɗauke ta, ta tambayi ko ta sha wuya. Ta miƙa bargo, ya shafa. Ta miƙa dabino, ta miƙa turare. Sunansa ya gagare ta, ta raɗa masa Baba Taranta, ya yi dariya har da tari. Ni kuwa idona yana kan agogon bango.

Sannan ta ce in yi masa ta'aziyyar abokin tafiyarsa, wanda ya cika a gonar.

Tsohon ya miƙa hannu ya ɗauko hoton. Ya ce sunan matuƙin Alec, ɗan manomi ne, bai fi shekara ashirin da ɗaya ba, kuma da ya ga injin ya mutu sai ya karkatar da jirgin don kada ya sauka kan rufin ƙauyen, shi ya sa suka daki itace. Na biyu, Norman, wanda ke duba musu hanya, an yanke masa ƙafafu duka biyu, ya koma gida ya yi aikin gyaran agogo har ya tsufa. Kafin ranar ba su fi wata biyu da haɗuwa ba. Ya ce shi kansa yaro ne daga masana'antar kekuna a nan Birmingham, bai taɓa ganin jaki ido da ido ba sai ranar.

Inna ta ce in faɗa masa mutanen gari sun yi wa Alec wanka, sun naɗe shi a farin ƙyalle, sun binne shi a inuwar gawon kafin rana ta faɗi, mata kuma sun yi kuka don sun ce ɗan wata ne. Ashe bai taɓa sani ba. Ya ɗauka a cikin jirgin aka bar shi har sojoji suka zo. Ya rufe fuska da hannunsa, kafaɗunsa suna girgiza. Inna ta jira shi, ba ta ce ya yi haƙuri ba sai da ya gama. Don ta sauƙaƙa masa sai ta ba shi labarin yadda maƙera suka cinye ragowar jirgin, har ita kanta da ludayin fiffikensa ta sha fura tana yarinya. Ya ce to ashe jirgin ya yi wani amfani a yaƙin.

Ta zuba kunun a murfin fulas. Dokar gidan ta hana abincin waje, amma Kaneng ta juya baya tana gyaran labulen da ba abin da ya same shi. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya lumshe ido.

"Maharazu ya dama min wani abu mai kama da wannan a ƙwarya," in ji shi, ina fassarawa. "A rana ta biyu. Ni na sha, shi bai sha ba, ya nuna min wai ya ƙoshi. Da gari ya waye kuma..."

Tari ya sarƙe shi. Ya daɗe yana yi, fuskarsa ta yi ja, Kaneng ta gyara masa robar. Da numfashi ya dawo sai ya ajiye murfin, ya gyara zama, ya dubi Inna.

"Na san abin da ya kawo ku. A shirye nake."

Na fassara. Na matso da kujera.

Inna ta ce, "Ki ce masa ya sha kununsa kada ya huce. Yau gaisuwa muka zo."

Na ɗauka ban ji daidai ba. "Inna, don Allah don Annabi. Shi fa ya ɗauko zancen da kansa."

"Na ji shi. Mutum da roba a hanci, yana neman numfashi, yau na fara taka ɗakinsa, sai in ce masa ba ni gawa? Wa ya yi min wannan tarbiyya? Ya girmi uwata. An ga juna, an gaisa, ya sha abin hannuna. Gobe ma dawo da maganarmu."

"Wace goben? Gobe ina da shift. Nan ba Kafin Goriba ba ce da za ki zaga katanga ki same shi, Inna. Sai wata Asabar."

"To Asabar ɗin. Faɗa masa."

Wallahi na ji kamar in kurma ihu. A wurin su Inna haka ake yi, na sani. Ba a zuwa wa babba da buƙata a zuwan farko, ko bashi ne, ko neman aure, balle maganar mutuwa. Sai ka zo ka gaishe shi, ka tafi, ya san ka san darajarsa, sannan ka dawo. Amma can wanda za ka dawo wurinsa yana nan ƙarƙashin bishiyar da ka bar shi, ba mai ɗaga shi. Na haɗiye abin da ke bakina, na faɗa masa yadda ta ce.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya gyaɗa kai, ya ce mahaifinta ma haka yake, duk tafiyar bai taɓa gaggauta shi ba. Inna ta sunkuyar da kai. Ta yi masa addu'ar samun sauƙi, ta lulluɓa masa bargon a gwiwa da hannunta, ta kama hannun Kaneng suka fita.

Ni na yi kamar na manta jaka, na koma. Na tsuguna a gabansa na ce ya faɗa min ni, ko a taƙaice, zan riƙe har ta tambaya.

"A'a, 'yata," in ji shi. "Ita zan faɗa wa, ina kallon idonta. Ba magana ce ta bakin ƙofa ba. Shekara saba'in na riƙe ta, zan kai Asabar."

Ga taurin kai ya haɗu da taurin kai, ni ce a tsakiya da tikitin komawa.

A jirgin ƙasa ban yi mata magana ba har muka wuce rabin hanya. Ina fushi, fushi na gaske, irin wanda ke sa kunne zafi. Sai na lura da hannuwanta a ƙarƙashin mayafi, suna karkarwa, ta matse ɗaya da ɗaya amma sun ƙi tsayawa. A nan na gane ba kunya ce kaɗai ba, har da tsoro. Shekara saba'in tana kare mutumin nan a bakin duniya, ga shi saura numfashi ɗaya a ce mata ko ta yi gaskiya ko yaran bakin rijiya ne suka yi. Tausayinta ya kama ni, amma fushin bai tafi ba, suka zauna tare.

"Kin ga ya miƙe min tsaye?" ta ce, tana kallon taga.

Na ce na gani.

Tsakiyar mako Kaneng ta kira tana kuka. Kamfanin da ke riƙe da gidan ya durƙushe. Dama an daɗe ana raɗe-raɗi, tun da aka rage abin da ake biya kan kowane tsoho, amma ba wanda ya zaci haka za a yi. Sun zo aiki da safe suka tarar da motoci a ƙofa, ana fito da tsofaffi da kayansu a baƙaƙen ledoji, ana rarraba su duk inda aka sami gado.

"Ya ƙi shiga van ɗin, Zee. Ya riƙe ƙofa, yana cewa yana da baƙi ranar Saturday, wa zai faɗa musu inda yake. Na ce ni zan faɗa musu. Na je in tambayi manager ina za a kai shi, ta ce in ajiye badge ɗina in tafi gida, mu ma an sallame mu. Kafin in fito motar ta tashi."

Daga nan na shiga buga waya. Na kira ofishin kamfanin, ba mai ɗauka. Na kira duk inda aka ce in kira, kowa ya tura ni wurin wani, wanin kuma ya tafi hutu ko an rage shi daga aiki. In na yi sa'a na sami mutum mai rai, tambaya ɗaya ce: ke danginsa ce? Na ce a'a. To ba za su iya faɗa min komai ba. Na yi lallashi, na yi masifa, wata rana har na ce wa wata mata kakana ne ya ɗauke shi a jaki, ta ce ta yi min murna amma doka ba ta san jaki ba. Salihu ya tuƙa mota har Small Heath, ya tarar an buga katako a tagogin gidan. Kaneng, da ba ta da aiki ga haya a kanta, ta bi gidajen tsofaffi ɗaya bayan ɗaya a safa tana tambaya.

Inna kuwa na ce mata jikin ne ya ɗan motsa, likita ya hana ziyara, sai wata Asabar. Ta ce Allah ya ba shi lafiya, ai gara da ba a takura masa ba. Asabar ta zo na sake cewa haka, wata ta zo na sake. Ba ta yi min gardama ba. Kullum dai in na dawo aiki sai in tarar da ita da Anti Clara sun rufe ƙofar kicin suna ƙus-ƙus, in na shigo su yi tsit su kama tsintar shinkafa. Ban kula ba, kaina yana wani wuri.

Wata ranar Alhamis da la'asar, ina tsakiyar haɗa wa wani magani, waya ta yi ƙara. Kaneng ce. Wata tsohuwar abokiyar aikinsu ta gano shi. Wani gida aka kai shi can nesa da Birmingham, garin da bai san kowa ba. Sanyi ya shige shi a hanya, ya sauka a ƙirji, aka wuce da shi asibiti, bai yi mako ba.

"An riga an yi funeral, Zee. Council ce ta yi, tunda ba shi da next of kin, ba dangi ko ɗaya. Ba wanda ya je."

Na tambaye ta ko ya bar wata magana, ko ya faɗa wa wani wani abu.

"Na tambaya. Yarinyar da ke ward ɗin ta ce yana yawan tambayar wace rana ce yau. Shi ke nan."

Na miƙa wa abokiyar aikina maganin, na ɗauki laima na fita. Ana ruwa, irin yayyafin Manchester da ba ya zuba ba ya ɗaukewa. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa wa Inna. Na shirya shi tsaf, da zafinsa. Zan ce mata ga gaisuwarki nan, Inna, ta isa. Zan ce mutum ya buɗe baki kin rufe masa da kunu. Ina tafe ina kuka ina ƙara gishiri, har wata mata a tasha ta miƙo min hankici.

Na buɗe ƙofar gida a hankali. Daga kicin nake jin muryar Anti Clara tana cewa, "A'a, Hajiya, kada ki haɗiye ƙarshen. Sake." Sai muryar Inna, tana jan wasu kalmomi ɗaya bayan ɗaya. Na tura ƙofar.

"Yauwa, kin dawo," in ji Inna, fuskarta a sake. "Yau kam ba ɓoyo. Tsaya nan ki ji."

Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta fuskanci wata kujera da suka ajiye a tsakiyar kicin, ba kowa a kai. Ta ɗan russuna. Matar da ko sunan titinmu ba ta iya faɗa ba ta buɗe baki da Turanci, tana ajiye kowace kalma a hankali kamar mai jera ƙwai.

"Good afternoon, sir. Where did you leave my father?"

Anti Clara ta tafa mata. Inna ta juyo tana dariya, tana rufe baki da gefen mayafi.

"Ina ka bar mahaifina, haka take nufi, ko ba haka ba? An gama gaisuwa, yanzu da bakina zan tambaye shi, ba sai kin yi min tafinta kina hararata ba. Amsar ce kawai za ki juya min. Na faɗa daidai?"

"Daidai kika faɗa, Inna."

Anti Clara ta yi shekara talatin tana aikin asibiti, ita ta fara karanta fuskata. Hannuwanta suka tsaya a sama, ta sauke su a hankali. Inna ta dube ta, ta dube ni, ta dubi laimar da ke ɗiga a hannuna ban rufe ba.

"Ya tafi?"

Na gyaɗa kai.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta laluba bayanta, ta zauna a kujerar da suka ajiye masa. "Yaushe?"

"An kwana biyu, Inna. An ma riga an binne shi."

"Ya bar saƙo?"

"Bai bari ba."

Duk maganar da na ɗauko daga tasha na neme ta na rasa. Na durƙusa a gabanta da rigar ruwata, na riƙe gwiwoyinta. Ba ta yi kuka ba, ni ce nake yi. Ta ɗora hannu a kaina kamar ni aka yi wa mutuwa. Leɓunanta suna motsi, na ɗauka addu'a take, sai da na saurara na ji kalmomin nan ne take maimaitawa a hankali, har zuwa ta ƙarshe, ba ta haɗiye ta ba.

"Makonni ina koyon ta," in ji ta. "Har cikin salla take faɗo min. Ke Zinatu, yanzu wa zan kai wa?"